Yini Ɗaya a Gopeng: Jagorar Tuƙa Kwale-kwalen Roba a Kogin Kampar da Sauka da Igiya a Matsirgar Ulu Geruntum

Duk wanda ya yi zaman karatu ko na aiki a Malesiya, da wuya hutun zango ya wuce ba a kawo masa tayin zuwa Gopeng ba. Garin yana jihar Perak, kimanin kilomita 20 kudu da birnin Ipoh, kuma a da an san shi ne da haƙar kuza. Yau kuwa abin da yake kai baƙi can shi ne kogin Kampar, wanda yake gangarowa daga tsaunukan Titiwangsa yana ratsa duwatsu har ruwansa ya yi fari da kumfa, sai kuma matsirgar Ulu Geruntum, inda ruwa yake zubowa daga kan dutse ana sauka ta cikinsa da igiya. Kamfanonin yawon buɗe ido sukan haɗa biyun a yini guda, kogi da safe, matsirga bayan abincin rana, wani lokaci kuma su juya tsarin gwargwadon yanayin ruwa.

Na rubuta wannan jagora ne domin mutanenmu, saboda yawancinmu mun taso nesa da irin wannan ruwa, da dama daga cikinmu ba su iya iyo ba, kuma kunya takan hana mutum faɗin haka a gaban abokai. Tafiyar tana da daɗi ƙwarai, kuma wanda bai taɓa riƙe filafili ba ma zai iya yin ta, amma sai ya san abin da zai tambaya kafin ya biya kuɗi, da abin da zai yi da jikinsa idan ya tsinci kansa cikin ruwa.

Mataki na farko: zaɓen lokaci da zaɓen masu kai ka

Masu wannan harka a duniya sun kasa wahalar kogi aji shida. Aji na 1 ruwa ne mai gudu da ƙananan igiyoyin ruwa, aji na 3 yana da manyan igiyoyi da duwatsun da sai an kauce musu da dabara, aji na 6 kuwa ana ɗaukarsa a matsayin wanda ba a shiga. Ɓangaren kogin Kampar da ake kai baƙi, mai tsawon kimanin kilomita 7, yana tsakanin aji na 1 da na 3, shi ya sa ake cewa ya dace da sabon shiga. Sai dai wannan awo na ranar da ruwa yake daidai ne. Idan aka kwana ana ruwan sama a kan tsaunuka, wurin da aka bi jiya ana dariya zai iya zama wani abu dabam yau.

Mutanen Malesiya suna da suna na musamman ga abin da ya fi kowane haɗari a kogunansu, suna ce masa kepala air, wato kan ruwa. Ruwan sama ne yake sauka can sama inda ba ka gani, ya taru a ƙoramu, ya gangaro lokaci guda da laka da itatuwa, alhali kai a inda kake rana tana nan ƙwal. Alamunsa su ne ruwa ya fara canja launi zuwa ja ko ƙasa-ƙasa, ganyaye da rassa su fara yawa a kansa, ƙararsa ta ƙaru, dutsen da yake a fili ɗazu ya nutse. A watan Nuwamba na 2024 mutane uku sun rasu a kogin Jahang na wannan yanki na Gopeng yayin irin wannan tuƙi, kuma hakan ya isa ya sa mutum ya ɗauki zancen yanayi da muhimmanci. A wannan sashe na ƙasar ruwan sama ya fi yawa wajen Afrilu da kuma Oktoba zuwa Nuwamba, kuma hadari ya fi tasowa da yamma. A nawa ganin, wanda zai je karo na farko ya kauce wa waɗannan watanni, ya kuma zaɓi tsarin da zai sa shi a kogi da safe.

Kafin ka tura kuɗi, ka tambayi kamfanin abubuwa kaɗan, ka kuma lura da yadda suke amsawa. Shin suna da lasisi daga ma'aikatar yawon buɗe ido ta ƙasar? Jagororinsu suna da takardar horo a kan ceto cikin ruwa mai gudu da taimakon farko? Mutum nawa ake sa wa a kwale-kwale ɗaya, kuma akwai masu ceto da suke bin tawaga a ƙananan jirage ko suke jira a bakin wurare masu wuya? Akwai inshora a cikin kuɗin? Tambayar da ta fi duka ita ce me suke yi idan ruwa ya ƙaru: suna soke tafiya su ɗaga ta zuwa wata rana, ko suna shiga a haka? Kamfanin da ya ce maka bai taɓa soke tafiya ba saboda yanayi, ka nemi wani. Kada araha ta ja ka, domin abin da aka rage a farashi galibi daga yawan jagorori ko ingancin kaya aka zaftare shi.

Mataki na biyu: faɗin gaskiya a kan jikinka

Za a ba ka takarda ka cika, a tambaye ka ko ka iya iyo da kuma cututtukan da kake da su. Rashin iya iyo ba ya hana shiga wannan ɓangare na kogi, tunda rigar ceto ce take ɗaga ka, amma jagora yana buƙatar ya sani domin ya zaunar da kai kusa da shi, ya kuma san wanda zai fara cirowa idan kwale-kwale ya kife. Idan ka ɓoye, ka hana shi yin aikinsa. Haka nan ciwon asma, ciwon zuciya, farfaɗiya, ciwon baya, kafaɗar da ta taɓa gocewa, ko tiyatar da ba ta daɗe ba, duk a faɗe su. Mace mai juna biyu ba ta shiga ko kaɗan.

Akwai abu guda da takardar ba lallai ta ambata ba, saboda ba a cika samunsa a can ba, amma ya shafe mu kai tsaye, wato sikila. Daɗewa cikin ruwan sanyi, aikin ƙarfi da ƙishirwa suna cikin abubuwan da suke tayar da ciwon, kuma wannan yini ya tattara ukun. Mai sikila ya ga likitansa tukuna, kuma idan likita ya hana, ya haƙura. Wanda yake da buɗaɗɗen rauni a jiki shi ma ya jinkirta har ya warke, saboda dalilin da zan zo kansa a ƙarshe.

Mataki na uku: sutura

Za ka jiƙe tun daga kai har ƙafa, ka kuma yini a jiƙe. Yadin auduga yana shan ruwa ya yi nauyi ya riƙe sanyi, saboda haka a nemi rigar wasanni mai saurin bushewa da wando irin nata. Wandon jins, kaftani, jallabiya, zane da duk wata sutura mai faɗi ba su da wuri a nan, domin za su iya sarƙewa a reshe ko su shige cikin ƙarfen igiya. Takalmi ya zama mai rufi ko mai maɗauri a diddige, mai ƙasan roba. Silifas kogi zai tafi da shi tun a gangara ta farko.

'Yar'uwa, ba sai kin ajiye suturarki ba. Matan Malesiya suna yin wannan wasa da lulluɓinsu, kuma ƙaramin hijabin wasanni da ake zurawa ba tare da allura ba yana nan a kasuwanninsu. Ki tura bakinsa cikin riga yadda babu abin da yake lilo, ki sa riga mai dogon hannu da dogon wando, ki ɗaure gashi ƙasa-ƙasa domin hular kwano ta zauna daidai. Dogon hijabi da gyale a bar su cikin jaka sai an fito. Zobe, agogo da sarƙa a cire su, mai tabarau ya ɗaure shi da zare, waya kuma ta zauna a ma'ajiya, tunda yawancin kamfanoni suna da mai ɗaukar hoto. A zo da tawul, kayan canji, leda ta jiƙaƙƙun kaya, da maganin da mutum yake sha, a damƙa wa jagora ya sa a jakarsa da ruwa ba ya shiga.

Mataki na huɗu: hanya

Daga Kuala Lumpur tafiyar kusan awa biyu ce a mota ta babbar hanyar da ta haɗa arewa da kudancin ƙasar, akwai kuma jirgin ƙasa na ETS daga tashar KL Sentral ta Kuala Lumpur zuwa garin Kampar ko Ipoh ga wanda zai ƙarasa da tasi. A tashi bayan sallar asuba, a karya da abinci mara nauyi. Wuraren hutawa na kan hanya suna da ɗakin salla da suke kira surau, a sansanin kamfani ma a tambaya tun da safe inda za a yi azahar. Ba na ba da shawarar yin wannan tafiya da azumi a baki, domin ga gajiya, ga ruwan da yake shiga baki da hanci ko mutum bai so ba. Daga sansani akan ɗauki mutane a bayan babbar mota zuwa mashigar kogi, ta kusa da ƙauyukan Semai, ɗaya daga cikin al'ummomin asali na ƙasar da ake kira Orang Asli. Gidajensu ne ake ratsawa, don haka a gaishe su, kada a ɗauke su hoto sai da izini.

Mataki na biyar: kaya da zama cikin kwale-kwale

Za a ba ka rigar ceto, hular kwano da filafili. Rigar ta matse ka sosai, a ɗaure kowane maɗauri, sannan ka sa wani ya kama ta ta kafaɗu ya ja sama. Idan ta taso har kunnuwanka, ba ta ɗauru ba, kuma a cikin ruwa za ta rufe maka fuska. Hular ta rufe goshi, maɗaurinta ya zauna a ƙarƙashin haɓa. Idan ka ga yagewa ko karyayyen maɓalli, ka nemi canji ba tare da jin nauyi ba. Bayanin da jagora zai yi a bakin ruwa da Ingilishi ko Malayanci yake yin sa, kuma idan akwai wanda bai fahimta ba a cikinku, ku tsayar da shi ku fassara, domin a tsakiyar ruwa babu lokacin tambaya.

Ana zama ne a kan kumburarren gefen kwale-kwale, a cusa ƙafa ɗaya ƙarƙashin matashin roba da ya gitta tsakiya, ita ce take riƙe mutum idan aka yi karo. Kan filafili yana da mariƙi mai siffar harafin T, kuma tafin hannunka ɗaya ya rufe shi a kowane lokaci, ko kana tuƙi ko kana hutawa, saboda shi ne yake fasa wa na kusa da kai leɓe ko haƙori idan ka sake shi. Umarnin kaɗan ne: a tuƙa gaba, a tuƙa baya, a tsaya, a riƙe igiyar gefe, a zube cikin jirgi, sai kuma kowa ya koma ɓangare ɗaya idan jirgin ya hau dutse yana neman kifewa. Biyun da suke gaba su ne ake bi, kowa ya daidaita bugunsa da nasu. Sabon shiga yakan daina tuƙi da ya ga babbar igiyar ruwa ta taso, alhali a lokacin ne aka fi buƙatar filafilinsa, domin gudun jirgi ne yake fasa igiyar, kuma filafilin da yake cikin ruwa yana tokare mai shi kamar sanda.

Mataki na shida: idan ka faɗa ruwa

Wannan shi ne ɓangaren da nake so a karanta sau biyu. Faɗawa ruwa abu ne da aka saba gani a wannan wasa, kuma jagorori da yawa sukan sa mutane su gwada shi a wuri mai sauƙi. Da ka faɗa, rigar za ta taso da kai cikin daƙiƙoƙi kaɗan. Idan jirgi yana kusa, ka kama igiyar gefensa. Idan ya yi nisa, ka kwanta rigingine, ƙafafunka suna gaba wajen da ruwa ya nufa, yatsun ƙafa suna leƙowa sama, gwiwoyi a ɗan lanƙwashe domin ka tunkuɗe dutse da tafin ƙafa, hannuwa a buɗe kana karkata da su. Ka ja numfashi a kwarin da yake tsakanin igiyar ruwa da mai bi mata, ka rufe baki idan ta zo.

Abin da zuciyarka za ta ce ka yi shi ne ka miƙe tsaye, musamman da ka ji ƙafarka ta taɓa ƙasa, kuma wannan shi ne kuskure mafi muni. Ƙasan kogi cike yake da ramuka tsakanin duwatsu. Idan ƙafa ta maƙale, ƙarfin ruwa zai kifar da mutum ya danne fuskarsa, ko da zurfin bai wuce ƙugu ba, kuma rigar ceto ba ta iya ɗaga wanda ƙafarsa take riƙe. Kada ka miƙe sai ruwa ya lafa kuma bai kai gwiwa ba. Haka nan ka nisanci itacen da ya faɗo cikin kogi, domin ruwa yana wucewa ta tsakanin rassansa amma mutum ba ya wucewa. Idan ka hango shi, ka juya ruf da ciki ka yi iyo da ƙarfi ka kauce masa tun daga nesa.

Idan aka jefo maka igiya, igiyar za ka kama, ka bar jakar da take ƙarshenta, in ba haka ba za ta yi ta warwarewa kana tafiya. Ka ɗora ta a kafaɗa, ka riƙe a ƙirji kana rigingine, kada ka naɗa ta a hannu ko a wuya. Idan jirgi ya kife ka taso a ƙarƙashinsa, ka tura da hannuwa ka bi ɓangare ɗaya ba tare da canja ra'ayi ba har ka fito. Idan kuma kai ne a cikin jirgi abokinka yana ruwa, ka kama rigarsa ta kafaɗu biyu ka faɗa da baya, nauyinka zai jawo shi. Jan hannu yana iya goce masa kafaɗa. Kada kowa ya yi tsalle ya bi wani don ceto, domin hakan ƙara wa jagora mutum na biyu ne.

Mataki na bakwai: sauka a matsirga

Bayan awa biyu zuwa uku a kogi, za a ci abinci a huta, sannan a nufi Ulu Geruntum, inda akwai ɗan tattaki cikin daji kafin a isa. A sha ruwa sosai, domin jiƙewa tana ɓoye ƙishirwa. Ana iya cin karo da matsattsaku a hanya; idan ya kama ka, ka zare shi a hankali da farce daga bakinsa, ka wanke wurin ka rufe.

Za a ɗaura maka ɗamara mai zagaye ƙugu da cinyoyi. Ta zauna a saman ƙashin ƙugu, ta matse yadda ba za ta zame ba ko mutum ya juye. A gabanta ake maƙala ƙugiya mai kulle da ƙarfen da igiya take bi ta cikinsa, wanda sau da yawa yake da siffar lamba 8, kuma gogayyar igiya da wannan ƙarfe ita ce take rage gudun sauka. Ka duba da idonka cewa ƙugiyar a kulle take, ka kuma tambaya ko akwai kariya ta biyu, wato igiya dabam da jagora yake sarrafawa daga sama, ko mutum a ƙasa da yake riƙe da ƙarshen igiyarka zai ja ta ya tsayar da kai. Idan babu ko ɗaya, kada ka sauka.

Hannunka mai ƙarfi shi ne birki. Yana riƙe igiya a ƙasan ƙarfen, kusa da cinya, kuma ba ya sakinta ko me ya faru. Idan ka sassauta za ka sauka, idan ka damƙe ka ja ƙasa za ka tsaya. Ɗaya hannun yana saman ƙarfen don daidaita jiki kawai, nesa da shi kaɗan kada yatsa ya shige. Wuri mafi wuya shi ne bakin dutse, inda za ka juya baya ga rami ka jingina da iska. Ka buɗe ƙafafu daidai faɗin kafaɗa, ka saki nauyinka a kan ɗamara kamar mai zama a kujera, ka yi ta komawa baya har tafin ƙafarka ya zauna sosai a jikin dutsen, sannan ka fara ƙananan taku. Tsoro yana sa mutum ya rungumi dutse, kuma da ya yi haka ƙafafunsa za su zame a kan gansakuka, gwiwa da fuska su bugu. Wanda ya jingina baya sosai shi ne yake samun riƙo.

Da ka shiga inda ruwa yake zubowa, zai doki hularka da ƙarfi, ba za ka ji muryar kowa ba, shi ya sa ake yarjejeniya a kan alamun hannu ko usur tun a sama. Ka sunkuyar da kai kaɗan ka karkata fuska gefe, za ka sami sararin numfashi a ƙarƙashin bakin hula. Kada ka yi tsalle-tsalle, kada kuma ka daɗe a tsakiyar ruwan. Idan ka zame, ka damƙe birki, ka bari jikinka ya daina lilo, ka mayar da ƙafafu kan dutse ɗaya bayan ɗaya, ka ci gaba. Da ka isa ƙasa, ka jira a kwance maka igiya, ka matsa daga gindin matsirgar ba tare da cire hula ba, domin tsakuwa tana iya faɗowa daga ƙafar mai biyo ka. Wanda ya isa baki ya ji ba zai iya ba, ya faɗa, abokansa kuma kada su matsa masa. Nan ma idan ruwa ya fara yin ja ko aka ji tsawa, a fita daga kwarin a hau tudu nan take. Lambar gaggawa a Malesiya ita ce 999, amma sabis yakan yi rauni a daji, don haka tun da safe a tambayi jagora yadda suke kiran taimako.

Mataki na takwas: bayan an dawo

Ka yi wanka da sabulu da ruwa mai tsabta kafin ka hau mota, ka wanke duk wani ƙurji ka sa masa magani. Wanda zai tuƙa mota zuwa Kuala Lumpur ya huta tukuna, ko a samo direban da bai shiga ruwa ba. Akwai wata cuta da ake ɗauka a ruwan koguna da matsirgu na ƙasashe masu zafi da damina, likitoci suna kiranta leptospirosis, mutanen Malesiya kuma suna ce mata kencing tikus, wato fitsarin ɓera, saboda ta fitsarin dabbobi ƙwayoyinta suke shiga ruwa, daga nan su shiga jikin mutum ta rauni, ido, hanci ko baki. Alamunta sukan bayyana bayan kwana 5 zuwa 14, wani lokaci har wata guda: zazzaɓi, ciwon kai, ciwon jiki musamman a sha-raɓa, da jan ido. Mu da muka saba da zazzaɓin cizon sauro mukan ɗauka shi ne, mu sayi magani mu kwanta, alhali wannan cuta tana iya taɓa ƙoda da hanta idan aka yi jinkiri, kuma tana jin magani idan aka fara da wuri. Idan zazzaɓi ya kama ka cikin wata guda da dawowa, ka je asibiti a ranar, ka gaya wa likita ranar da ka shiga kogi da sunan wurin.